Ƙasar gidana ta ƙi tumatir, ku ba ni shawara don Allah

Maman Sadiya: Salamu alaikum ƴan uwa. Raina ne a ɓace. Mun tashi daga Bagalam mun koma sabon gida can bayan Ali Ɗan Sofo, filin da maigidana ya saya tun kafin a haifi Sadiya, aka yi ta rigima da ƙanensa a kan iyaka, har sai da mai unguwa ya shiga, ginin ma bashi muka ci muka ƙarasa. To bayan ɗaki akwai wuri, na ce in yi garka in rage kuɗin cefane. Ni ɗiyar Safo ce, a garkar babana na tashi, ba yau na fara ganin tumatir ba. Amma nan in na zuba ruwa kamar na zuba a rariya. Na sa mai amalanke ya kawo mini laka daga gulbi na shimfiɗa a sama, na zuba kashin kaji. Yanzu saman ya ƙame ya tsage, ganye ya yi ɗorawa, fure yana kakkaɓewa, wanda na tuge saiwarsa duk ƙulli-ƙulli. Uwar mijina ta ce baki ne. Mi zan yi?

Baban Jiratawa: Ɗiyata, ba baki ba ne, jigawa ce. Ƙasar Maraɗi iri uku ce ga wanda ya san noma. Jigawa rairayi, ta hatsi da gyaɗa da wake. Geza mai tauri, wadda in ruwa ya buga ta sai ta yi ɓawo. Sai fadama, laka mai riƙe ruwa, ita ce ta garka. Babanki a fadama yake, ke kina kan tudu. Tsohon garin Maraɗi ma a kwari yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau da shi sama, shi ya sa duk sababbin unguwannin ga rairayi ne. Ki tuge tumatir ɗin ki shuka zogale, magana ta ƙare.

Maman Sadiya: Baba, zogale ana sayar da shi a ƙofar gidana. Tumatir nake so.

Ɗalibin Noma: Hajiya, da izinin Baba, jigawa tana yin tumatir in an gyara ta. Abin da ta rasa ruɓaɓɓen taki ne da sinadarin fosfor, kuma ba ta riƙe ruwa. Lakar da kika shimfiɗa a sama ita ta toshe, ruwa na gudu gefe, saiwa na ƙasa cikin rairayi busasshe. Kamata ya yi a cuɗa ta da rairayin da taki har zurfin kamu guda ko fiye. Ƙullin nan kuwa, ki murza shi da yatsa. In ya ɓalle kamar na saiwar wake, wannan mai amfani ne, amma tumatir ba ya yin irinsa. In saiwar ce da kanta ta kumbura, tsutsa ce da ido ba ya gani, kuma rairayi ta fi so. Tana cin kuɓewa da yalo ma, don haka kada ki maye gurbin da su. Kashin kajin ɗanye ne ko ya ruɓe? Kuma wane wata kika dasa?

Maman Sadiya: Daga akurkin maƙwabciyata na kwaso, mai kyau ne. Babana ma da shi yake aiki.

Hajiya ta Zariya: Ke dai kin samu taki na gaskiya. Ni bara wani ɗan kasuwa ya sayar mini da buhun takin zamani 15-15-15, na buɗe rabinsa tsakuwa. Na koma ya rantse ba daga shagonsa ya fito ba. Allah ya isa. Salatina da shu duk suka lalace.

Baban Jiratawa: Yaro, karatu daban, kwari daban. Ku cuɗa laka da rairayi ku gani in ba bulo za ku samu ba. Fadamar ma da nake yabo ba kamar da take ba. Da gulbi yana malala ya bar mana sabuwar laka kowace damina. Tun da aka yi madatsar Jibiya ruwan ya ragu, rijiyoyi suka yi nisa, yanzu sai inji da mai. Ga masu sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya zama taki a gona kyauta. Wa ke maganar wannan?

Ɗalibin Noma: Gaskiya ne Baba, in babu taki bulo za a samu, shi ya sa na ce da taki. Maman Sadiya, ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai an tara shi an jiƙa ya huce. Ki rufe gindin shuka da karan hatsi, ki riƙa ban ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma. Fangalin da ke da ƙulli ki sa masa albasa a zagaye na gaba. In kina iyawa ki kai saiwar cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna su duba.

Abban Walid: Kara? Gara za ta cinye mata gida! Toka za ki barbaɗa, ita kaɗai.

Maman Sadiya: Toka na sa tun farko. Ruwa kuwa na pampo ne, kuɗinsa ya ishe ni, ba zan iya sau biyu a rana ba. Dashe kuma ƙarshen Fabrairu na yi, don lokacin muka tare.

Ɗalibin Noma: To ai ga dalilin zubar fure. Tumatir na sanyi ne, Oktoba ko Nuwamba ake dasawa. Zafin Afrilu da ke kai 40 ba ya barin fure ya ɗaure.

Baban Jiratawa: Ko a tsakiyar hunturu ta dasa, jigawa jigawa ce.

Maman Sadiya: Amma wata a layinmu tare muka dasa, nata ya yi ƴaƴa. Mai amalanke ya ce gobe zai ƙaro laka, na riga na ba shi jika biyu. In karɓa ko in ce ya bari?

Hajiya ta Zariya: Jika biyu? Ni uku suke ce mini. A ina yake tsayawa?