Muhawara: Wa ke cin moriyar darussan manyan sakandaren Amurka?

Baban Hanan: Jama'a, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Manyan sakandaren gwamnati na unguwannin kewayen biranen Amurka suna buga kundin darussa mai kauri: AP (darussan matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare), IB (tsarin difloma na ƙasa da ƙasa), koyon sana'a, badujala. A takarda duk kyauta ne, amma jadawali ke yanke hukunci. A ce yaro yana da darasi bakwai a rana. In aji ɗaya tak aka buɗe na AP ɗin kemistiri, kuma ya faɗo lokaci ɗaya da badujala, dole ya saki ɗaya. Wanda bai yi aljabara a aji 8 ba kuwa, da wuya ya kai kalkulas a aji 12, don aljabara, jometiri, aljabara ta biyu da share fagen kalkulas shekara huɗu suke ci. An rufe masa ƙofa tun bai shigo ba.

Injiniya: Malam, janye kalmar "kyauta". Kaso mai tsoka na kuɗin gundumar makaranta daga harajin gidaje yake fitowa. Unguwa mai gidaje masu tsada ita ke iya buɗe aji biyu ko uku na darasi ɗaya. Mai haya ma yana biya, a cikin kuɗin hayarsa.

Maman Biyu: Injiniya, kyauta ce mana. An taɓa korar yaro don ubansa bai biya haraji ba? Shaidar adireshi da katin rigakafi ake nema, ba rasit ba.

Injiniya: To jarrabawar AP fa, Hajiya? Kowace ɗaya kusan dala 100 ce, wata hukumar jarrabawa mai zaman kanta, College Board, ke shirya ta. A Mayu ake rubutawa, amma tun kaka ake rajista, wanda ya wuce wa'adin Nuwamba a ƙara masa dala 40. Yaro mai AP huɗu, lissafa ki gani.

Maman Biyu: Akwai rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. Matsalar ita ce iyaye ba sa tambaya, mai ba ɗalibai shawara a makaranta kuma aiki ya sha masa kai. Ƙungiyarsu ta ce ɗalibi 250 ya kamata mutum ɗaya ya riƙe, a makarantu da yawa abin ya zarce haka.

Malama IB: Shi ya sa IB ta fi. Darasi shida, uku a babban mataki na awa 240, sauran awa 150, ga maƙala mai kalma 4,000. Maki 45 ne ƙololuwa, ana neman aƙalla 24. Tsari ne dunƙule na shekara biyu, ba tsince-tsince ba.

Injiniya: Dunƙulewar ce illarsa, Malama. Darasi shida sun cinye jadawali, ina yaro zai saka walda ko gyaran mota? AP ɗaya-ɗaya ake ɗauka, maki 1 zuwa 5, jami'o'i da dama suna ba da kiredit, wato su lissafa wa ɗalibi darasin kamar a can ya yi shi, daga maki 3.

Malama IB: Jami'o'i masu tsananin zaɓe 4 ko 5 suke nema, wasu ma ba sa karɓa. Kuma kai kullum sai ka kawo walda, kamar IB gaba take da sana'a.

Baban Hanan: Don Allah a koma kan jadawali.

Maman Biyu: Sai Injiniya ya fara amsawa: wa aka kora?

Malama IB (mai kula da zaure): Zan rufe a nan. Abin da ya fito fili: karatun kyauta ne, AP ce mai cin kuɗi kashi-kashi, IB kuma ita ce mai tsari. Batun haraji babu wanda ya kawo hujja.

Injiniya: Ita IB ɗin ba a biyan kuɗin jarrabawarta ne, Malama?