Tanin a kan ƙwayoyin HeLa: me ya sa MTT ke cewa suna raye?

Ɗalibar bincike: Assalamu alaikum. Ana gwada tanin (sinadarin tsirrai mai bauri) da aka tatso daga ɓawon itace a kan HeLa, ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa. Faranti mai ramuka 96, ƙwaya 5,000 a kowane rami, awa 48. A madubin duba ƙwayoyi sun dunƙule, sun saki gindin rami, amma MTT, gwajin rinin da ƙwayoyi masu rai ke mayarwa shuni, na nuna masu rai sun haura kashi 100 (in an kwatanta da ramukan da ba a sa wa tanin ba) a inda aka fi zuba tanin. Ina matsalar take?

Mai sinadari: Wa alaikumus salam, Malama. Tanin ɗin ne ke yi miki wayo. Shi kansa yana mayar da MTT daga rawaya zuwa shuni ko babu ƙwaya ko ɗaya, sai na'ura ta karanta a nanomita 570 ta ɗauka rai ne. Ki ware ramuka marasa ƙwaya, ki zuba ruwan raino da tanin da MTT kawai. In suka yi shuni, magana ta ƙare. Kina iya tsotse ruwan ki wanke sau biyu da PBS (ruwan gishirin wanke ƙwaya) kafin MTT, amma tanin da ya manne ba duka yake fita ba. Gara ki koma SRB, gwajin rinin da ke auna furotin ɗin ƙwaya: ki kafe ƙwayoyin da asid ɗin TCA kashi 10, awa ɗaya a digiri 4 na Salsiyas, ki wanke sosai, ki rina, ki narkar da rinin da ruwan sinadarin Tris.

Dakta a ɗakin raino: Ƙari kaɗan. Tanin a cikin DMEM, wato ruwan rainon ƙwaya, yana haɗuwa da iska ya fitar da haidirojin feroksaid, wanda shi kaɗai ya isa kashe ƙwaya. Ki sa katalas, sinadarin da ke rushe feroksaid, a jeri ɗaya. In kisan ya ragu ƙwarai, ba aikin tanin kike gani ba. Sannan tanin yana kama furotin, don haka siram (ruwan jinin da ake ƙarawa a ruwan raino) kashi 10 yana cinye wani kasonsa, har ki ga gari-gari a gindin rami. Lallai ki rubuta yawan siram kusa da kowane IC50 (yawan tanin da ke rage ƙwayoyi da rabi), in ba haka ba adadin ba ya kwatantuwa. DMSO, ruwan da ake narkar da tanin a ciki, kada ya wuce kashi 0.5, ramukan gefe kuma a cika su da PBS, saboda suna saurin bushewa.

Ɗalibar bincike: Na gode, Dakta. HeLa kaɗai ta wadatar?

Dakta a ɗakin raino: A'a. HeLa na ɗauke da HPV18, wani nau'in bairos ɗin HPV mai haddasa wannan sankara. A sauran ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa, SiHa da CaSki na da HPV16, C33A kuwa ba ta da HPV. In kina zargin tanin na danne E6 (furotin na HPV mai rushe p53) har p53 (furotin mai hana sankara) ya farfaɗo, sai kin jera su tare. Ki haɗa da ƙwayoyi marasa sankara irin HaCaT na fata, domin abin da ya kashe kowa guba ce kawai. Kuma ki ratsa wani kason ruwan ta PVPP, garin da ke kama tanin, don cire shi, ki sake gwadawa. In har yanzu yana kisa, wani sinadarin ne daban a ciki.