Shin kuɗin da ake kashewa a kan hanyoyi yana kai wa ga talaka?

Ɗan Kura ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Duk lokacin da gwamnati ta ba da kwangilar hanya, jawabin da muke ji shi ne aikin zai samar wa matasa abin yi kuma zai haɓaka kasuwancin yankin da hanyar ta ratsa. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kimanin kilomita 375, an ba Julius Berger kwangilarta a watan Disamba na 2017 a kan naira biliyan 155, sannan a 2021 aka faɗaɗa aikin, kuɗin ya koma biliyan 797. Tambayata ga masana a cikinmu ita ce, daga cikin waɗannan maƙudan kuɗaɗe, mene ne yake sauka a hannun mutumin Kura ko Kwanar Ɗangora, kuma da an kashe wani kaso a kan hanyoyin ƙauyuka, ba zai fi yi mana amfani ba?

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Kura. Ya kamata mu raba aikin yi gida biyu, domin 'yan siyasa suna cakuɗa su a jawabi. Akwai aikin da ake samu lokacin gini, akwai kuma wanda hanyar take haifarwa bayan an gama ta.

Na farkon ba shi da yawa kamar yadda ake kururutawa. Babbar hanya ta zamani katafila da gireda da injin shimfiɗa kwalta ne suke yin mafi yawan aikinta, kuma kamfani yakan zo da direbobinsa da ƙwararrunsa. Abin da yake rage wa mutanen gari shi ne leburanci da gadi da aikin birkila a wajen kwalbati da magudanar ruwa, sai masu tifa da suke kawo yashi da tsakuwa, sai matan da suke dafa wa ma'aikata abinci. Ban raina wannan ba, amma da zarar aikin ya wuce garinku, sansanin ya tashi, cinikin ya bi shi. Kaso mai tsoka na kuɗin yana tafiya ne wajen sayen kwalta da siminti da man dizal da kayan gyaran injina, kuma da yawa daga cikinsu da dala ake sayo su, shi ya sa duk lokacin da naira ta faɗi sai ɗan kwangila ya dawo yana neman a sake duba farashi. A kan irin wannan taƙaddama ce ma'aikatar ayyuka ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna a ƙarshen 2024.

Na biyun shi ne mai ɗorewa, sai dai ba a ganin sa ranar yanke ƙyalle. Yana fitowa ne a kuɗin mota da ya ragu, da tayar da ba ta fashe ba, da kayan da suka isa kasuwa a kan lokaci.

Hajiya Mai Gwari ta amsa:

Injiniya, Allah ya saka da alheri, bayaninka ya yi daidai da abin da muke gani a sana'armu. Tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas ba ya jiran kowa. Idan mota ta ƙara kwana ɗaya a hanya saboda ramuka ko cunkoso, kwandunan da ke ƙasa sun ruɓe, kuma asarar a kan manomi take komawa, domin dillali zai rage farashin da zai saya gobe. Saboda haka babbar hanya tana da amfani a gare mu, ba na musun wannan.

Amma Malam Ɗan Kura yana da gaskiya a rabin maganarsa. Tafiyar da ta fi tsada a rayuwar buhun masara ita ce ta farko, daga gona zuwa bakin kwalta. A damina, idan hanyar burji ta yanke ko kwalbati ya karye, mai mota ba ya shiga, sai amalanke ko babur, kuma manomi ya sayar a duk yadda aka taya masa. Akwai shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa suke tallafawa, kuma Kano da Katsina da Bauchi da Sakkwato da Kabi suna cikinsa. Irin wannan aiki ƙananan 'yan kwangila na gida suna iya yin sa, kuma hannun mutane yake buƙata fiye da injina.

Malamin Makaranta ya amsa:

Hajiya, na yarda da ke, sai dai ina so in ja hankalinmu ga inda kuɗin yake fitowa. Takardun lamuni na Sukuk da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, na naira biliyan 100, an raba su a kan hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar nan, kuma bashi ne da za a biya. Tsarin da aka kafa a 2019, wanda kamfani yake gina hanya a cire masa daga harajinsa, shi ma kuɗin jama'a ne da bai shiga baitulmali ba. Idan an ci bashi an gina hanya, sannan aka bar tireloli masu lodin da ya wuce ƙima suna bi ta kanta, magudanar ruwa ta cika da shara, to za ta lalace kafin a gama biyan kuɗinta.

A ganina aikin yi na dindindin yana wajen kula da hanya: yashe magudana kafin saukar ruwan farko, cike rami tun yana ƙarami, sare ciyawar gefen titi. An kafa hukumar FERMA tun 2002 domin hanyoyin tarayya, amma hanyar ƙauyenku, Malam Ɗan Kura, haƙƙin jiha ce ko ƙaramar hukuma, don haka ɗan majalisar jiharku da shugaban ƙaramar hukumarku ya kamata ku tambaya nawa aka ware wa gyaranta a kasafin bana.