Jinyar Gudajin Jini a Huhu a Gida: Abin da Tattaunawar Damagaram ta Tsayar

A wata tattaunawa da ma'aikatan lafiya suka yi a Zinder, an yarda cewa wanda jini ya daskare masa a jijiyar huhu yana iya jinya a gida, amma sai likita ya tabbatar da cutar, ya kuma ga haɗarin kaɗan ne: bugun zuciya bai kai 110 a minti ba, awon jini na sama bai gaza 100 ba, iskar oksijin ba ta sauka ƙasa da kashi 90 ba, kuma babu ciwon daji ko tsohon ciwon zuciya. Mai juna biyu ba ta cikin wannan lissafi.

Maganin tsinka jini kamar rivaroxaban ana shan sa da abinci, wata 3 aƙalla, ba a tsallake rana ko da an ji sauƙi. An ja kunne sosai kan ƙahon wanzami da maganin ciwo diclofenac na 'yan tebur, domin suna jawo zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun nisa, kuma da gaskiyarsu: mutumin ƙauyen Tanut da ba ya da mota a kusa gara a kwantar da shi. Haki mai ƙaruwa, suma, yin tari da jini ko baƙin bayan gida, duk suna bukatar komawa asibiti nan take.