Jan zobo: kore ne ya rikiɗa ko wani launi ne daban?

Malamin aikin gona: Ni dai matsayina shi ne, jan zobo kulorofil ne, wato sinadarin da ke sa ganye kore, ya nuna, kamar yadda tumatir ke tashi daga kore ya koma ja. Fure da ya yi launi ba shi da sauran kore a jikinsa.

Malamar sinadarai: Malam, ka haɗa abu biyu da ba gidansu ɗaya ba. Jan tumatir wani sinadarin launi ne mai suna laikofin, dangin karotin da ke ba karas launinsa, a mai yake narkewa. Jan zobo wani sinadarin launi ne daban mai suna antosayanin, a ruwa yake narkewa, shi ya sa da ka jiƙa shi ruwan ke yin ja. Kulorofil kuwa ko kwana ya yi a ruwa ba zai bi shi ba. Babu wanda ke rikiɗa ya zama wani, shuka na ƙera kowanne daban. Ko a tumatir ɗin, kore rushewa yake yi, ja ya taru.

Mai nazarin tsirrai: Kafin ku yi nisa, abin da ake jiƙawa ma ba fallen fure ba ne. Furen yakuwa ruwan ƙwai ne mai haske, da duhun ja a tsakiya, wuni guda yake yi ya yanƙwane. Kwanson da ke riƙe da shi ta ƙasa ne ke kumbura ya rufe ƙwallon gurguzu, shi ne zobo. A yawancin tsirrai wannan kwanson kore ne shar, yana haɗa abinci da hasken rana kamar ganye. Ku dubi farin zobo: rashin antosayanin ne ya bar shi da ɗan korensa.

Malamin aikin gona: To fallen furen fa? Nan ai babu kore.

Mai nazarin tsirrai: Bayan ya buɗe, kaɗan ne ko babu. Amma ɓare toho da bai buɗe ba, fallayen ciki sau da yawa kore-kore ne. Furen auduga ma hujja ne a kanka, Malam: yana buɗewa fari-fari, washegari ya yi ruwan hoda. Wane koren ne ya rikiɗa a can?

Malamar sinadarai: Ga gwajin da zai raba gardama. A samu ɗanyen ganye mai ja, ko ƙaramin kwanson zobo, a ɗebi cikin cokali ɗaya, a daka shi tare da cokali huɗu na sifirit, a tace a kwalba. A zuba cokali biyu na kananzir da cokali ɗaya na ruwa, a girgiza a hankali, a ajiye minti 10. Kananzir zai tashi sama da kore, ja ya zauna ƙasa. Kada a kusanci wuta. Busasshen zobon kasuwa ba zai yi ba, rana ta riga ta lalata koren. Kada kuma a tafasa: tsami da zafi na fizge sinadarin magniziyam daga tsakiyar kulorofil ya koma ruwan ƙasa, abin da ke dusashe ganyen yakuwa a tukunya ke nan.

Malamin aikin gona: Amma in aka jefa kanwa a ruwan zobo yakan yi duhu har ya ɗauko kore. Ba koren asali ne ya dawo ba?

Malamar sinadarai: A'a. Antosayanin ɗin ne ke sauya kama idan tsami ya ragu. Matsa lemun tsami nan take, ja zai dawo. Kulorofil ba ya wannan wasan.

Malamin aikin gona: Na kanwa na karɓa, Malama. Na kwanson da ya gama nuna kuwa, sai na ga kore a saman kananzir da idona.