Zagon ƙasa ko cin amanar ƙasa? A taimaka min da "subversion"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikina fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa, kuma kalmar subversion ta tsaya min a wuya.

Labarin na Hong Kong ne. Dokar tsaron ƙasa da China ta ƙaƙaba wa yankin a 2020 ta lissafa laifuka huɗu: neman ɓallewa, ta'addanci, haɗa baki da ƙasashen waje, sai wannan. Da shi aka tuhumi 'yan fafutukar dimokuraɗiyya 47 a 2021 kan zaɓen fid da gwani da suka shirya ko suka tsaya takara a cikinsa. A Nuwamban 2024 aka ɗaure 45, jagoran shirya zaɓen, Benny Tai, ya samu shekara 10.

Asalin kalmar Latin ne: sub wato ƙarƙashi, vertere kuma juyawa. Kifar da abu ta ƙasa ke nan. Ta Faransanci ta biyo ta shiga Turanci a ƙarni na 14. Shi ya sa na rubuta "zagon ƙasa". Edita ya ja masa layi da jan biro, ya sa "cin amanar ƙasa". Ni ban gamsu ba, don wannan wani laifi ne daban a doka. "Juyin mulki" kuwa soja da bindiga yake kawo wa mai sauraro a rai, alhali mutanen nan kujerun majalisa suka nema.

Sai dai zagon ƙasar ma ya yi min sauƙi, ko kishiya tana yi wa kishiya. Lauyoyi da malaman Hausa, "maƙarƙashiyar kifar da gwamnati" za ta ɗauki nauyin tuhumar, ko akwai wadda ta fi ta gajarta?