Maganin Parkinson wata rana ya yi aiki, wata rana shiru

Ɗiyar Garwa:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da likita ya ce Babanmu na da cutar Parkinson, ya ɗora shi kan maganin Modopar sau uku a rana. Wata rana in ya sha sai jiki ya saki, wata rana kamar bai sha ba. Kuma ƙafarsa kan kafe a bakin ƙofa. Ina muke kuskure?

Mai farmasi, Marwa:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Fara duba abin da yake ci lokacin shan maganin. Levodopa, sinadarin da ke aiki a cikin maganin, a ƙaramin hanji yake shiga jini, kuma ƙofa ɗaya suke bi da sinadarin gina jiki na nama, kifi, ƙwai, wake da nono. In aka kora shi da fura da nono ko aka haɗa da ƙosai, sai su yi rububin ƙofar, kaɗan ya isa ƙwaƙwalwa. A ba shi minti 30 kafin abinci ko awa 1 bayansa, da ruwa kofi cike. In zuciya na tashi, guntun burodi ya isa. Kada a hana shi nama, zai rame. A dai kai mafi yawansa cin dare. Ƙwayar ƙarin jini ma tana riƙe maganin, a sa awa 2 tsakaninsu.

Don Allah kada a saya masa Primpéran saboda amai, ko Haldol, maganin taɓin hankali. Suna toshe aikin dopamine, sinadarin ƙwaƙwalwa mai taimaka wa motsi wanda ke ƙaranci a cutar Parkinson, jiki ya ƙara sandarewa. Kuma ba a yanke Modopar farat ɗaya, yana da haɗari. Ku sayi sabo tun da sauran na mako guda.

Malamar jinya, Ngaundere:
Ki tambaye shi bayan gida, dattawa ba sa faɗa. In ciki ya bushe, magani kan makara. Ruwa lita 1.5 zuwa 2 a rana in ba shi da ciwon zuciya ko ƙoda, ga miyar kuka, kuɓewa da gwanda. Zafin Maris da Afrilu a Garwa na ƙara saukar da jini in ya miƙe, don haka ya zauna bakin gado minti ɗaya tukuna. Ku rubuta lokacin sha da lokacin da jiki ya saki na mako guda, ku kai wa likita.

Mai gashin ƙashi:
In ƙafa ta kafe kada a ja hannunsa, faɗuwa zai yi. Ya tsaya, ya karkata nauyinsa kan ƙafa ɗaya, ya ƙirga "ɗaya, biyu", ya ɗaga ɗayar. Ku ja layi da alli a bakin ƙofa, ya riƙa tsallakewa. A ɗauke tabarma mai naɗaɗɗen baki daga hanyar bayi, silifas kuma a musanya da takalmi mai kama dunduniya. Tafiyar minti 30, kwana 5 a mako, da sanyin safiya bayan magani ya kama.